Tsohon iri a ƙullin leda: sharhi kan wani shagon iri a Agege

A unguwar Hausawa ta Agege akwai wani ɗan shago da masu lambu daga Ojo, Iba, Ikorodu da Badagiri suke zuwa sayen iri. Kanta biyu gare shi. Ta dama gwangwanayen kamfani ce, masu hatimi da ranar lalacewa. Ta hagu kuwa robobi ne da ƙullin leda: kuɓewa, wake, gurguzu, irin rama, tattasai, attarugu da barkono, waɗanda ake ɗoro wa motocin da ke sauke albasa da tumatir a Mile 12. Kantar hagun ce ake kira ta tsohon iri, kuma ita ce muka duba a wannan sharhi, domin masu neman kuɓewa mai yauƙi irin na da, ko tattasai mai ƙamshi, ko rama mai tsamin kirki, a nan suke tsayawa.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne kayan sun cancanci kuɗinsu, amma ɗanyen kaya ne. Kusan kowane ƙulli gauraye yake. Tsohon halin da ake nema yana ciki, sai dai yana cakuɗe da na irin zamani da aka shuka kusa da shi shekara da shekaru. Wanda ya saya ya shuka yana jiran gona ta fito bai ɗaya zai sha mamaki. Wanda kuwa ya shirya yin zaɓe na damina uku ko huɗu, to ya samu abin da gwangwanin kamfani ba zai ba shi ba.

Ta fuskar ciniki babu abin zargi sosai. Ana auna iri da cokali, da gwangwanin madara, da derika, kuma kuɗin derikar kuɓewa bai kai na ƙaramin gwangwanin iri mai aure ba, wato irin kamfani da aka samar ta hanyar haɗa iri biyu. Mai shagon ba ya ƙarya a kan abin da bai sani ba. Idan ka ce, "Alhaji, wannan na wane gari ne?" zai faɗi jihar da motar ta taso, iyakarsa ke nan. Aibin yana wajen ajiya. Ledojin a buɗe suke kwana, rufin kwano ne, kuma babu ƙullin da aka rubuta wa shekarar girbi. Babu tambarin Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa, NASC, irin wanda ake kankarewa a tura lamba, kuma ba za a sa ran ganinsa ba tunda ba irin kamfani ba ne. Ma'ana dai gwaji ya koma kan mai saye.

Gwajin ba wuya. A ƙirga ƙwaya 100, a raba gida huɗu, a jera kowane 25 a kan tsumma mai laima, a naɗe, a sa a leda da aka ɗan huda, a ajiye a inuwa. Wake yana nuna kansa cikin kwana 5 zuwa 8, rama da gurguzu ba su wuce mako, tattasai da attarugu sai an ba su mako biyu. Kuɓewa tana da taurin ɓawo, saboda haka a jiƙa ta awa 12 zuwa 24 kafin a naɗe, in ba haka ba za a yi wa iri mai rai hukuncin matacce. Abin da ya tsira ƙasa da rabi, a ninka yawan shuka ko a koma a canza. A kayan shagon nan rama da gurguzu da kuɓewa sun fi tsira da kyau. Dangin barkono ne masu rauni, kuma dalilin a fili yake: an ciro ƙwayar ne daga busasshen kayan miya da aka shanya a kan kwalta ko dutse da tsakar rana, ba don shuka aka tanade ta ba.

Kuɓewa ce ta fi kowane kaya a shagon daraja, ita ce kuma ta fi rikitarwa. A ƙulli guda akan samu jinsi biyu. Akwai mai saurin yi, wadda ke fure cikin kwana 40 zuwa 50, danginsu ɗaya da Clemson Spineless ta Amurka da ta yi suna tun 1939, da NHAe 47-4 ta cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan. Akwai kuma babbar kuɓewar Afirka ta Yamma, mai tsayi da rassa, mai jinkirin fure, wadda ke jure ruwan damina ta ci gaba da haihuwa har cikin rani. A ƙwaya da wuya ka raba su. A gona kuwa a duba ƙananan ganyayen da ke rungume da gindin toho kafin ya buɗe: na babbar faffaɗa ne kuma ba su da yawa, na mai saurin yi sirara ne. Rabawar tana da muhimmanci saboda adadin sandunan gadonsu, wato abin da ke ɗauke da halayen shuka zuwa ga 'ya'yanta, ba ɗaya ba ne, mai saurin yi 130, babbar wajen 194. Idan ƙudan zuma ya haɗa su, ɗan da zai fito zai yi girma da kyan gani har mai lambu ya ce ya dace, amma ƙwansonsa kusan fanko yake fitowa. Duk gindin da ya fi kowa ƙarfi a fangali amma 'ya'yansa ba ƙwaya, a tuge shi, kada a ɓata masa taki.

Furen kuɓewa kwana ɗaya yake yi. Yana buɗewa da safe, ya yi wa kansa barbara, ya yanƙwane da la'asar. Mafi yawan ƙwaya daga gindin kanta take samun uba, amma zuma da sauran ƙwari suna kawo garin fure daga maƙwabta, kuma a lambunan Legas inda fangalin wani ke manne da na wani, hakan ya isa ya ɓata iri cikin shekara biyu. Masu samar da iri suna barin tazarar mita 200 zuwa 400. Wa ke da wannan fili a Iba? Mafita ita ce rufe fure. Da yamma a nemi tohon da bakinsa ya fara nuna rawaya, wato wanda zai buɗe gobe, a sa masa 'yar jakar takarda ko ta yadin gidan sauro, a ɗaure a hankali. Bayan kwana biyu a cire, a ɗaura jan zare a wuyan ɗan ƙwanson. Mai zare kaɗai ake bari ya ƙosa. Kada a yi amfani da leda: zufa take tarawa, furen ya ruɓe kafin azahar.

Kafin a rufe sai an san wane gindi ake so, kuma a nan ne yawancin mutane ke yin sakaci. Ido ba ya auna yauƙi. A ɗebi 'ya'ya masu kwana ɗaya, misali kwana 5 bayan fure, daga kowane gindi da aka sa wa lamba. A yanka nauyi ɗaya a zuba a ruwa mai yawa ɗaya, a bar shi rabin awa, a ɗaga da cokali a ga wanne ya fi jan zare. A busar da wani kason a daka, domin wata kuɓewar tana da yauƙi ɗanya amma ta rasa shi in ta bushe, kuma mai miyar busasshiyar kuɓewa wannan ne abin da ya dame ta. Daga gindin da ya ci jarrabawa a bar ƙwanso 3 ko 4 kawai su ƙosa, tunda da zarar gindi ya fara cika ƙwaya sai ya rage fure. Ƙwanso yana bushewa wajen kwana 35 zuwa 45 bayan fure. A tsara shuka yadda wannan zai faɗo a Nuwamba ko Disamba. Mai saurin yi a shuka ta a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, babbar kuwa tun da wuri. Ƙwanson da ya ƙosa cikin ruwan Yuni baƙi yake yi, ƙwayar ta yi fumfuna tun tana kan kara.

Shekara ta biyu ba a haɗa ƙwayar duka a roba ɗaya. Kowane gindi da layinsa, ƙwaya 20 zuwa 30. Layin da ya fito bai ɗaya kuma yana da halin da ake so, shi ne ya riga ya zauna. Layin da ya fito dogo da gajere, kore da ja, uwarsa gauraya ce, sai a sake zaɓe a cikinsa a sake rufe fure. Lissafin gado yana taimakawa wajen sanin iyakar haƙuri. Duk zagaye ɗaya na barbarar kai yana rage gaurayen da rabi: daga rabi zuwa kashi 25 cikin 100, zuwa 12.5, zuwa 6.25. Shi ya sa muka ce damina uku ko huɗu. Mai ban ruwa a Legas yana iya yin zagaye biyu a shekara da kuɓewa mai saurin yi, ya rage lokacin.

Wani halin ɓoyayye ne, ba ya fitowa sai uwa da uba duka sun ba da shi, kuma a 'ya'yan gauraya ɗaya cikin huɗu ne ke nuna shi. Mai shuka gindi biyar yana iya rasa shi gaba ɗaya ya ce babu. Gindi 11 suna ba da tabbacin kusan kashi 95 cikin 100 na ganin ko da guda, gindi 16 kuwa kashi 99. Idan halaye biyu ɓoyayyu ake nema a gindi guda, rabon ya koma ɗaya cikin 16, sai an shuka wajen 47 kafin a kai wancan kashi 95. Wanda kuma ya samu tsohon iri mai kyau amma yana son ya sa masa hali guda daga na zamani, misali saurin fure, sai ya aurar da su sannan ya riƙa mayar da 'ya'yan kan tsohon. Komawa ta farko tana dawo da kashi 75 na jinin tsohon, ta biyu 87.5, ta uku kusan 94. A kowane zagaye sai an zaɓi ɗan da ke ɗauke da halin da aka shigo da shi, in ba haka ba za a wayi gari an koma gidan jiya. Aurarwar da hannu ake yi: da yamma a buɗe toho a cire mazan furen da ɗan hantsaki, a rufe, da safe tsakanin ƙarfe 8 da 10 a goga masa garin furen uban, a sake rufewa.

Wake ne inda muke ba da shawarar a yi hattara. Shagon yana da farin wake mai manyan ƙwaya da kaushin fata da yake kira Kanannado, da wani ƙarami da yake kira Ɗan Ila. Da farko dai, ido ba ya raba Kanannado na asali da irin zamani IT89KD-288, wanda aka fitar da sunan SAMPEA 11 a 2009, domin kamanninsu ɗaya kuma a kasuwa buhu guda suke shiga. Na biyu, kuma shi ne babba, Kanannado da tsawon yini yake aiki. A Kano yinin Yuni yana kai wajen awa 12 da minti 50, sai waken ya yi ta yaɗo yana tara harawa, ba ya huda sai yini ya gajarta a ƙarshen damina, ƙwanso ya nuna cikin busasshiyar iska. A Legas yini mafi tsawo da ƙyar yake taɓa awa 12 da rabi, a Disamba kuma ya sauka ƙasa da 12. Waken sai ya ɗauka damina ta ƙare tun yana ƙarami, ya tsuke, ya yi huda da wuri, ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai lambu zai ce an sayar masa da jabu, alhali wurin ne bai karɓe shi ba. Ga kuma tsutsar da ke cin fure da ƙwanso, ga laimar da ke ruɓar da abin da ya tsira. Haɗarin da ya fi wannan shi ne zaɓe a wurin da bai dace ba: duk gindin da ya yi kyau a Legas, mai yiwuwa shi ne wanda ya fi nisa da halin Kanannado. Mai son dawo da wannan iri ya tura ƙwayar gida, a yi zaɓen a Kano ko Jigawa. Sannan duk waken da ke warin magani, na buhun ajiya ne, kada a ci shi, kuma a gwada tsirarsa kafin a dogara da shi.

Tattasai da barkono suna da tasu matsalar. Zuma tana son furensu fiye da yadda ake zato, kuma yaji hali ne mai rinjaye. Idan garin furen barkono ya hau tattasai, ɗan tattasan na bana ba zai yi yaji ba, amma duk gindin da ya fito daga ƙwayar da garin ya yi wa barbara baɗi zai yi. A ƙullin shagon an ga wannan: tattasai mai siffar tattasai, mai zafin shambo. Gyaran yana da sauƙi ta wani gefen, domin rashin yaji shi ne ɓoyayyen hali, saboda haka gindin da ba shi da yaji, in an rufe shi, 'ya'yansa ma ba za su yi ba. A ɗanɗana farar jijiyar ciki inda ƙwaya ke manne, nan yajin yake, ba a fata ba. A kafa sanduna huɗu a lulluɓe gindin da gidan sauro, a fara cire duk furen da ya riga ya buɗe da 'ya'yan da suka ƙulla, a riƙa girgiza gindin da hantsi don garin ya zuba. A bar ɗan ya nuna jawur, a ajiye shi kwana 3 ko 4 bayan tsinka, a cire ƙwayar a shanya a inuwa mai iska. Idan ƙullin ya fito daga 'ya'yan iri mai aure ne, za a gane: babu gindi biyu masu kama da juna. Irin wannan ba tsohon iri ba ne, kuma babu abin da za a dawo da shi daga ciki. Masu ma'aunin zafi suna jiƙa ƙwayar a ruwa mai digiri 50 na minti 25 zuwa 30 don kashe cutar da ke bin iri, amma tsohuwar ƙwaya mai rauni ba ta jure wannan.

Gurguzu ba shi da rigima. Yakuwa kusan kanta take yi wa barbara, ja da fara suna rabuwa tun suna ƙanana daga launin kara, sai a tuge wadda ba a so. A zaɓi mai kaurin zoɓo da duhun launi idan na sha ake nema, mai yawan ganye idan na miya ne.

Rama tana buƙatar kalma biyu, saboda wani abu da ya shafi zaman birni. Iri biyu ne a ƙullin: mai ganye dunƙule da mai ganye tsage-tsage kamar yatsun hannu. Mai tsagen, daga nesa, tana kama da tabar wiwi ga wanda bai san rama ba, kuma noman wiwi laifi ne da hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ke kamawa a kai. Maƙwabcin da bai taɓa cin kwaɗon rama ba yana iya kai ƙara, a zo a yi ta bayani. A lambun bakin titi ko bayan gidan haya, mai dunƙulen ganye ta fi kwanciyar hankali. Kada a yi saurin yanke hukunci, domin ganyayen farko na kowace rama dunƙule suke, tsagen sai kara ya yi gaɓa bakwai ko fiye yake bayyana. Tsagen ne mai rinjaye, saboda haka mai dunƙulen da aka rufe furenta tana zama bai ɗaya tun zagaye na farko. Rama da kuɓewa duka suna fama da tsutsar ƙasa mai sa ƙulli a saiwa, wadda ke son rairayin Ojo da Badagiri. Kada a bi ɗaya da ɗaya a fangali guda, a raba tsakaninsu da masara. A duba saiwar duk gindin da aka tuge, wanda ya fito da saiwa sumul a inda maƙwabtansa suka kumbura ya cancanci lamba.

Kada zaɓe ya yi tsanani har a koma gindi ɗaya tal. Ƙarfin tsohon iri yana cikin bambancin da ke tsakanin 'ya'yansa, wani ya jure ruwa wani ya jure ƙwari. Bayan an tace, a haɗa layuka masu kama da juna, a riƙa ɗibar iri daga gindi 20 ko fiye. Masara, ga mai sha'awa, sai wajen 200, shi ya sa ba mu ga amfanin gwada ta a ɗan lambu ba.

Duk wannan wahala tana iya tafiya a banza cikin wata uku idan aka ajiye iri yadda shagon ke ajiye nasa. Ƙa'idar masana iri ita ce duk ragin kashi ɗaya na laimar ƙwaya yana ninka kwananta, haka ma duk ragin digiri 5 na zafi. Iskar Legas ba ta busar da iri yadda ya kamata sai ko cikin hunturu. A gwada da gishiri: a zuba busasshen gishiri cokali guda da ƙwayar a kwalba mai tsabta, a girgiza, a bar shi minti 15. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima. A ƙarasa busarwar a kwalba mai murfin roba tare da shinkafar da aka gasa ta huce a rufe, ko 'yan ƙullin nan na silika da ke zuwa a kwalin takalmi, a canza su bayan kwana biyu-biyu. Wake mai yawa a sa shi a buhun PICS mai ruɓi uku, kaɗan kuwa a cakuɗa da toka a cika kwalba har baki. Firiji yana da kyau in kwalbar ta rufu ƙam, amma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kada a buɗe kwalba sai ta daina sanyi, domin raɓa za ta sauka kan ƙwayar. A rubuta suna, lambar layi da watan girbi a takarda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje.

Ga wanda ke son abin da zai auna zaɓensa da shi, Ibadan ba nisa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke can, wadda aka kafa a 1967, tana riƙe da nau'in wake fiye da 15,000 a rumbunta, da bayanin inda aka ɗebo kowanne. NACGRAB da ke Moor Plantation tana ajiye irin amfanin gona na ƙasa tun 1987. Ana nema a rubuce, a sa hannu a takardar yarjejeniya, kuma abin da ake bayarwa 'yan ƙwayoyi ne, ba na cika gona ba. Ƙungiyar masu lambu ta fi mutum ɗaya sauƙin bin wannan hanya. Layi guda na irin rumbu kusa da layukan shagon zai nuna wanne ne ya fi kusa da asali.

Lokacin saye a shagon shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da sabon girbi ke saukowa daga Arewa kuma iska a bushe take. A nemi a buɗe sabon buhu maimakon a ɗiba daga robar kanta, a sayi cokali biyu a gwada tukuna, in ya tsira a dawo a ɗauki derika daga buhun nan ɗin, ba wani ba. Abin da ya kwana a kantar har Yuni da Yuli ya riga ya sha laimar damina, musamman tattasai da attarugu, a bar shi sai sabo ya zo.